Jimi Hendrix: shekara 27 ya yi a duniya, amma har yau ana jin hannunshi a gitar Agadas

Duk mai bin labarin makaɗan gitar na ƙasarmu Nijar ya sha jin wani suna da ƴan jaridar Turai da Amurka ke liƙa masu. In Bombino ya hau dandali a Faransa, sai ka ga an rubuta wai ga Hendrix na Sahara. In Mdou Moctar ya yi wasa a Amurka, sunan dai shi ne. To wane ne wannan Hendrix da ake auna ƴaƴanmu da shi? Baƙar fata ne ɗan Amurka, bai taɓa taka ƙasar Nijar ba, kuma ya bar duniya tun 1970 yana da shekara 27. Shekara huɗu rak ya yi cikin ɗaukaka. Amma cikin huɗun nan ya sauya ma gitar murya, wato jita kamar yadda ƴan uwanmu na Najeriya ke cewa, har ya zama da wuya ka sami mai kaɗa ta lantarki yau da bai ci wani abu daga gadonshi ba, ko ya sani ko bai sani ba.

Labarin da ya fi yawo a kanshi kuwa guda uku ne: ya ƙona gitar a gaban jama'a, yana kaɗa ta da haƙori, kuma ƙwaya ce ta yi ajalinshi. Duk an yi. Sai dai wannan ƙaiƙayi ne, kuma saurayin da ya tsaya nan zai kwashi abin da zai cuce shi ya bar tsabar. Bari mu sheƙe mu gani.

Yaron da ya fara da tsintsiya

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1942 a birnin Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, a gidan talakawa. Lokacin mahaifinshi, Al Hendrix, yana aikin soja saboda yaƙin duniya na biyu. Iyayen suka rabu a 1951, mahaifiyarshi Lucille kuma ta rasu a 1958 yana ɗan shekara 15. Tun yana makarantar firamare aka san shi da yawo da tsintsiyar Turawa mai doguwar sanda, ya rungume ta yana yi kamar yana kiɗa. Daga baya ya tsinci wata ƴar ƙaramar gitar cikin tarkacen da aka zubar, tsirkiya ɗaya ce ta rage mata, kamar kuntigi. Da ita ya fara bin waƙoƙin rediyo da kunne. A 1958 ya sami gitar ta gaske a kan dala 5, dalar Amurka fa, ba dalarmu ba. Bai yi makarantar kiɗa ba, bai iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Kunne da yatsa ne malamanshi, sai fayafayen Muddy Waters, B.B. King da Howlin' Wolf.

A 1961 ƴan sanda suka kama shi cikin motar sata, aka ba shi zaɓi: gidan kaso ko soja. Ya zaɓi soja, aka kai shi rundunar sojan laima ta 101. Shekara guda ya yi aka sallame shi, don hankalinshi na kan gitar. Abin da ya ƙaru da shi can shi ne aboki, Billy Cox, mai kaɗa gitar nan mai babbar murya da ake ce ma bas.

Daga 1962 zuwa 1966 ya yi ta yawon ci-rani da gitarshi. A zamanin, wariyar launin fata ta sa baƙaƙen makaɗa na da nasu gidajen rawa daban, musamman a kudancin Amurka. Nan ya riƙa tsayawa bayan manyan mawaƙa irin su Little Richard da Isley Brothers, yau a ɗauke shi, gobe a kore shi saboda makara ko don ya fiye jan hankalin ƴan kallo. Sau da yawa yunwa ta sa ya jinginar da gitar. A wuraren nan ne ya ga tsofaffin makaɗa na kaɗawa da haƙori ko ta bayan ƙeya don kar ƴan kallo su yi sanyi, shi ma ya koya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: shekarun wahalar nan su ne makarantarshi.

Mene ne buluz?

Kafin a gane aikinshi sai an gane kiɗan da ya tashi ciki, wanda ake kira buluz. Kiɗan jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. An soke bauta a Amurka a 1865, amma baƙaƙe suka ci gaba da noman auduga a gonakin Turawa cikin bashi da wulaƙanci, musamman a bakin kogin Misisipi. Daga waƙoƙin aikin gona da na coci buluz ya fito: waƙar kewa, ta talauci, ta soyayyar da ta watse, ta tafiya neman abinci.

Tsarinshi ba baƙo ba ne a kunnenmu. Mawaƙi ya yi ɗango ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe maganar. Duk inda ya yi shiru ya ja numfashi, sai gitar ta amsa mashi. Wato gitar ce ƴar amshi. Muryoyin da ake gina kiɗan a kansu galibi biyar ne, kamar yawancin kiɗan Sahel. Akwai ma wani abin kiɗa na Amurka, banjo, wanda masana suka tabbatar asalinshi daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma ne, dangin molo da gurmi da garaya. Shi ya sa da marigayi Ali Farka Touré na Mali ya ji faifan John Lee Hooker, sai ya ji kamar kiɗan gida ne aka ɗauka aka kai wata ƙasa.

Da baƙaƙe suka yi ƙaura zuwa birane neman aikin masana'antu, buluz ya bi su. Muddy Waters ya sauka Chicago a 1943, ya ga hayaniyar gidajen rawa ta danne gitar katako, sai ya koma ta lantarki. Daga wannan reshe kiɗan rok ya tsiro. Abin da ake kira buluz-rok kuwa shi ne a ɗauki tsarin buluz a kaɗa shi da ƙarfin lantarki da zafin ganguna na rok.

Daga New York zuwa Landan

A 1966 Hendrix yana wasa a wani ɗan gidan rawa a New York, ba wanda ya san shi, sai wani Bature ɗan Ingila, Chas Chandler, tsohon makaɗin ƙungiyar Animals, ya gan shi ya ce ya biyo shi. Suka sauka Landan ranar 24 ga Satumba 1966. A lokacin samarin Ingila sun haukace a kan buluz, suna koyonshi daga fayafayen baƙaƙen Amurka, kuma gwaninsu shi ne Eric Clapton. Mako guda da zuwanshi, Hendrix ya roƙi a bar shi ya hau dandali tare da Clapton. Da ya saki hannu, sai ƴan Ingila suka gane bambancin wanda ya koyi abu a faifai da wanda ya tashi cikinshi.

Aka haɗa mashi ƙungiya ta mutum uku: shi, da Noel Redding a bas, da Mitch Mitchell a ganguna. Wasansu na farko a Faransa suka yi shi, a garin Évreux, ranar 13 ga Oktoba 1966, suna share ma Johnny Hallyday fage. Sai a watan Yuni 1967 ƙasarshi ta san shi, a bikin Monterey, inda ya zuba ma gitar mai ya ƙyasta mata ashana. Faifai uku ya yi a sutudiyo yana raye, biyu a 1967, ɗaya a 1968, kuma na ukun, Electric Ladyland, ya zo na ɗaya a kasuwar Amurka.

Me ya yi ma gitar?

Nan ne gadon yake, don haka mu bi shi a hankali.

Na farko, bahago ne. Gitar bahagwai ba ta da yawa a kasuwa, sai ya ɗauki ta kowa, samfurin Fender Stratocaster, ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Hannunshi babba ne, yakan naɗo babban yatsa ta saman wuyan gitar ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun na can suna ado. Sai ka ji kamar mutum biyu ne: ɗaya na riƙe da gindin kiɗa, ɗaya na magana a kai.

Na biyu, ya sa ta yi magana. Kun san yadda mai kalangu ke matse tsirkiyoyi a hammata, muryar ta hau, ya saki ta sauko, har ta faɗi sunan mutum. Hakanan Hendrix ke tura tsirkiya gefe da yatsa ta ƙara ɗamewa, muryar ta miƙe kamar kuka. Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin gitar da ke sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya, da wata ƴar na'ura da ake takawa da ƙafa, wadda ke sa sauti ya buɗe ya rufe kamar bakin jariri, shi ya sa ake ce mata wawa. Ya haɗa su duka.

Na uku, kuma shi ne babba, ya hore ƙarar da kowa ke gudu. Ai kun san ihun da lasifika ke yi a wurin biki ko taro in makirufo ya matso kusa da ita, har kowa ya toshe kunne. Dalili shi ne sautin da ya fita yana komawa cikin makirufo, a ƙara mashi ƙarfi, ya sake fita, ya sake komawa. Gitar lantarki ma haka take: akwai maganaɗisu ƙarƙashin tsirkiyoyin da ke ɗaukar rawarsu ya aika ma anpili. In an ƙure anpili, sautin lasifika da kanshi yana girgiza tsirkiyar, sai ta yi ta kuka ba tsayawa. Masu gyaran sauti na ɗaukar wannan a matsayin ɓarna. Ba Hendrix ne ya fara wasa da shi ba, amma shi ne ya sa mashi linzami: ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata jiki, ya zaɓi muryar da yake so ta daɗe.

Kuma ba don burgewa kawai ba. Ranar 18 ga Agusta 1969, a bikin Woodstock, ya kaɗa taken ƙasar Amurka ba tare da ya furta kalma ɗaya ba. Lokacin yaƙin Vietnam na cin samarin ƙasar. Cikin taken sai aka riƙa jin faɗuwar bama-bamai, jiniya, da kururuwar mutane, duk daga tsirkiya shida. Wasu suka ce ya ci mutuncin ƙasa, wasu suka ce ya faɗi gaskiyar da ƴan siyasa suka ƙi faɗa. Bayan wata huɗu, a wasan shiga sabuwar shekarar 1970 a New York, tare da tsohon abokinshi na soja Billy Cox da mai ganguna Buddy Miles, ya kaɗa Machine Gun, minti goma sha biyu da ɗoriya, inda gitar da ganga ke kwaikwayon ɓarin wuta. Wanda ke son jin buluz ɗinshi tsantsa kuwa, ba ado, sai ya nemi Red House.

Ranar 18 ga Satumba 1970

Ɗaukaka ta zo mashi da gajiya: wasa kusan kullum, rigima da manajoji, shari'u, rashin barci, ga giya da ƙwayoyi da suka cika duniyar makaɗan zamanin. Wasanshi na ƙarshe a babban dandali ya yi shi a tsibirin Fehmarn na Jamus ranar 6 ga Satumba 1970. Kwana goma sha biyu bayan haka, a Landan, ya sha ƙwayar barci guda tara, alhali rabin ƙwaya ɗaya ne ƙa'ida, wato ya ninka sau 18. Binciken likita ya nuna ya yi amai cikin barci, aman ya shaƙe shi. An binne shi kusa da garinsu Seattle ranar 1 ga Oktoba.

Da yake Brian Jones, Janis Joplin da Jim Morrison duk sun rasu suna da shekara 27 tsakanin 1969 da 1971, sai aka ƙirƙiro camfi wai shekarar na cin gwanaye. A 2011 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga bincike a kan makaɗa sama da 1000 da suka yi fice a ƙasar. Ba a ga wani abu na daban a shekara 27 ba. Abin da aka gani shi ne shahararrun makaɗa masu shekaru ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu na mutuwa ninki biyu zuwa uku fiye da tsaransu. Ke nan matsalar tana cikin irin rayuwar.

Ga kuma amsa ga masu ruɗin samari cewa tramol ko wata ƙwaya na ƙara basira. Stevie Ray Vaughan, Bature ɗan jahar Texas, yana cikin manyan magadan Hendrix a buluz-rok. Giya da hodar iblis sun kusa kashe shi a 1986, ya je aka yi mashi magani ya daina. Faifan da ya yi bayan ya daina, a 1989, ya ci kyautar Grammy. Shi ma bai yi tsawon rai ba, haɗarin jirgi mai saukar ungulu ya yi ajalinshi ranar 27 ga Agusta 1990 yana da shekara 35, amma ya nuna hannun na nan ko ba ƙwaya. Hendrix kuwa, mutumin da ke kwana da gitar a kan gado tun yana soja, ƙwaya ba ta ba shi komai ba, sai dai ta ƙwace mashi sauran shekarun.

Wa ya ci gadon kuɗin?

Wannan darasi na makaɗanmu ne kai tsaye. A watan Oktoba 1965, yana cikin talauci, Hendrix ya sa hannu a wata takardar kwangila ta shekara uku da wani mai sutudiyo, aka ba shi dala ɗaya tak da alkawarin kashi 1 cikin 100 na ciniki. Rashin sani ya fi dare duhu. Da ya shahara sai takardar ta taso, aka yi ta shari'a, har sai da ya ba da faifai guda sukutum don a sasanta. Ya kuma rasu bai bar wasiyya ba. Mahaifinshi, mai aikin gyaran lambu, shi ya gaje shi, amma iko da waƙoƙin ya sulale zuwa hannun wasu kamfanoni. Sai da tsohon ya shiga kotu a 1993, kuma sai a 1995, shekara 25 bayan rasuwar ɗanshi, haƙƙin ya dawo hannun dangi. Duk mawaƙin da za a miƙa ma takarda, ko a Yamai ko a Kano ko a Turai, ya nemi wanda zai karanta mashi ita kafin ya sa hannu, ya kuma yi rajistar aikinshi a hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA.

Yadda muryar ta iso Sahara

A Afirka, Maroko ya ziyarta a 1969. Zuwa yankinmu kuwa kaset ne ya kawo shi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, samarin Abzinawa da yawa sun tafi Aljeriya da Libiya neman aiki. Can ƙungiyar Tinariwen ta ƴan Mali ta taso, suna sauraren kaset ɗin Hendrix, Santana da Dire Straits, suna ɗora waƙoƙin kewar gida a kan gitar. A Nijar, marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne uban tafiyar.

Omara Moctar, wato Bombino, an haife shi a 1980 kusa da Agadas. Tawayen 1990 ya sa iyalinshi gudun hijira zuwa Aljeriya, kuma a can da Libiya ya riƙa kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler yana bin yatsunsu. Faifanshi na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunanshi cikin ƴan takarar Grammy. Shi kuwa Mdou Moctar, ɗan jahar Tahoua, bahago ne kamar Hendrix, kuma gitarshi ta farko da kanshi ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifanshi na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula har suka ƙetare teku.

Amma in an ciza sai a busa. Sunan Hendrix na Sahara yabo ne, sai dai yana rufe wani abu. Mdou Moctar ya sha faɗa cewa ganin Abdallah ag Oumbadougou na wasa ne ya sa shi son gitar. Bugun da ke ƙarƙashin kiɗansu daga tande ya fito, gangar turmi ta matan Abzinawa, da takamba, da tafin hannu na wurin biki. Abin da suka ara daga Hendrix shi ne zafin lantarkin da ƙarfin halin barin gitar ta yi kuka. Sun yi dai abin da shi ma ya yi: ya riƙe kiɗan kakanninshi gam, sannan ya ba shi sabuwar murya. Da ya watsar da buluz, da ƙara kawai za a ji.

To jama'a, in kun sami dama kun saurare shi, ko a salula ko a wajen ƴan uwa na birni, ku kasa kunne ga wurin da ya yi shiru gitar ta amsa mashi. Samarin da ke koyon gitar a Maraɗi, Damagaram, Tahoua da Yamai kuma, kar su raina mai gurmi ko mai goge na ƙauyensu, don a wajenshi za su sami abin da za su faɗa in lantarkin ya zo hannu.